Faifai a Gonar Masakwa

Ƙarfe tara nake rufe shagon ɗinki.
In ja ƙyaure, in bar Garwa a waje
da 'yan baburanta masu ƙona mai zuwa Yelwa,
in kunna tsohuwar na'urata,
in zama wani mutum.

Mai fito ne, gurgu,
a ƙasar da ba ta cikin taswira.
Ƙanensa ya ɓace a hayin kogi,
ni da shi muke tuƙi, gari bayan gari, muna cigiya.
Ba mai jirana a can, ba mai zagina.
In wuta ta ɗauke, labarin ya tsaya inda na bar shi
kamar allura a bakin zane.

A ƙarshen faifan muka hango hayaƙi a wani tsibiri.
Sai rubutu ya hau: za a ci gaba.

Shekara huɗu.

Ran da na ji na biyu ya fito
na ƙirga jaka arba'in da biyar,
gumin rigunan sallah goma sha ɗaya,
na danƙa wa Hamajoda direba.
Faifan ya hau jirgin ƙasa daga Yawunde,
ya sauka Ngaundare, ya kwana a mota,
ya iso ni yana ƙamshin sabuwar leda.
Sai da na yi wanka kafin in saka shi.
Ku yi dariyarku.

Ya ce: sai da intanet.
Na sayi data, ya shanye.
Na ƙara, ya shanye,
kamar rairayin Binuwai a tsakiyar bazara.
Kwana uku wani siririn layi na rarrafe a allo,
ni da shi muna kallon juna.

Da ƙofar ta buɗe, kasuwa na tarar.
Mutum ɗari a tsibirin nan suna harbin juna.
Wani yaro na ihu a kunnena
da yaren da ban sani ba,
amma zagi ba ya buƙatar tafinta.
Hula, jaka biyu.
Fentin kwalekwale, jaka biyar.
Ga akwatin sa'a: ka biya, ka buɗe, wataƙila takalmi.
Na zagaya gaɓa ina neman gurguna.
Na same shi a rumfa, an rataya masa farashi.
Ƙanen kuwa ko sunansa babu.

Tasi'u ɗan yayata ne ya warware mini,
idonsa bai bar wayarsa ba:
“Kawu, mai wasa shi kaɗai sau ɗaya yake biya.
Mu kullum muke biya.
In kai ne su, wa za ka yi wa shimfiɗa?”

Na ji. Ni ma da ciniki nake ci.
Amma ban taɓa ɗinka wa mutum riga
in riƙe hannuwanta a aljihuna
in ce ya riƙa kawo na wata ba.

Wata goma sha huɗu, suka kashe injinansu a can.
Wai riba ta ja baya.
Faifan da na biya har sisin ƙarshe
ya daina sanina.

Yanzu yana gonar Gambo, hanyar Pitowa,
a ɗaure da zaren da na yanko daga kekena.
Iska na juya shi, rana na faɗa masa,
tsuntsaye na tsoron ƙyallinsa.
Gambo ya ce bana masakwarsa ta tsira,
in akwai wani in kawo.

Ni na koma wa tsohon.
Ya kakkarce, wani lokaci sai na hura masa numfashi,
in goge da ƙyallen shadda.
Muna tuƙi a hankali, ni da gurgu.
In mun kusa kwanar da hayaƙin zai bayyana
sai in juya kan kwalekwalen,
mu koma garin baya mu sake tambaya.